Sharaɗin da Mai Rariya Ya Sassauta

A asibitin yaran, Mai Rariya ake kiransa. Ofishinsa ɗan ƙarami ne a bayan ɗakin magani: tebur, kwamfuta, da fanka mai gurnani. Kowace safiya bayanan yara ke kwararowa, shi kuma ya rubuta wa na'ura sharuɗɗan raba su. In lokacin rigakafin yaro ya yi, a tura wa iyaye saƙon tuni. In an tsallake allura, a miƙa wa masu bin gida-gida. In yaro ya rasu, a ware shi gefe, kada a sake damun iyayensa.

"Mai Rariya, ka tace min miji mai mota mana," babbar nas kan ce in ta leƙo.

"Yaya, sharaɗinki ya yi tsauri. Babu mai wucewa."

Bara ɗansa ya rasu, ko yaye ba a yi ba. Kafin a shigar da rasuwar, saƙo ya shigo wayar matarsa da sunan yaron, wai a kawo shi allura. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Maigida, kar ka tsayar da shi. Su kaɗai ke kiran sunansa yanzu."

Ba zai iya sa sunan ɗansa cikin sharaɗi ba, duk mai dubawa zai gani. Sai ya sassauta: duk wanda ya rasu a watan da ɗan nasa ya rasu, a bar shi ya wuce. Bai duba yara nawa ne ba, ko da yake ya san inda ake dubawa.

Ran nan wani tela ya shigo, tef ɗin awo a wuyansa, ya ajiye waya a kan teburin.

"Ɗan'uwa, an ce kai ne mai injin. 'Yata ta rasu, amma har yau ana cewa in kawo ta. Duk ran da saƙon ya zo, uwarta ba ta iya cin abinci. Na san ba laifinka ba ne, inji ai ba shi da hankali."

Mai Rariya ya kasa ɗaga kai. "Ba za a sake ba, baba."

Tela ya yi ta godiya, har da alkawarin ɗinka masa riga.

Mai Rariya ya goge layin da ya sassauta sharaɗin, ya gwada. Yaran duka suka koma gefe, nasa a cikinsu. Da yamma ya tsaya a ƙofar gida, makulli a hannu, yana jin matarsa tana wanke-wanke, ya rasa ta inda zai fara mata bayani.