Miyar da Baba Bai Taɓa Ɗanɗanawa Ba

Ranar Asabar ce, ana gab da kiran azahar. Ina shagona a babbar kasuwar Adawlato ina naɗe atamfofin da wata mata ta sa na warware mata har guda bakwai ta tafi ba ta sayi ko ɗaya ba, ina naɗewa ina mita, sai wayata ta yi ƙara. Papa Kossi ne, tsohon abokin aikin mahaifina, mutumin da bai taɓa kirana ba tun da na yi waya. Ya ce da Hausarsa ta Zongo, "Hadiza, ki zo gida yanzu. Babanki ya tafi." Ni kuwa da wautata na ce, "Ina ya tafi? Ai na ce masa ina zuwa bayan la'asar." Sai na ji kukan Inna daga bayansa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san wanda ya rufe mini shago ba, na dai tsinci kaina a bayan zemijan, wato ɗan acaɓa, mun miƙa hanyar Agoè, inda Zongonmu yake.

Malam Idrisu sunansa, amma duk Zongo Idi Kuku ake ce masa. A nan aka haife shi, kamar yadda aka haife mu. Mutum ne marar hayaniya, mai tsabta har ta yi yawa. Farcensa kullum a yanke, hularsa kullum a wanke. Idan babbar Sallah ta matso, matan layinmu kan aiko da wuƙaƙensu, ya zauna bakin ƙofa ya wasa su ɗaya bayan ɗaya, ya gwada kaifin kowace a kan takarda kafin ya mayar. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan Inna ba. Idan ta ƙona albasa sai ya ce, "Wuta ta yi miki gaggawa," kamar laifin wutar ne. Kuma yana da wata magana da muka haddace tun muna yara, duk sa'ad da ya ga ana hura gawayi da ƙarfi ƙarƙashin tukunya: "Kar ku tsorata naman nan. In ya tsorata ƙanƙamewa yake yi."

Shekara ashirin da shida ya yi yana girki a gidan wani Bafaranshe. A gidan nan akwai wata miya da ake yi duk Asabar, ta naman sa da ake dafawa cikin jar giyar inabi, a bar ta kan wuta ƙasa-ƙasa tun safe har yamma. Baba ne ke yin ta, kuma an ce har baƙi kan zo takanas don ita. Amma bai taɓa kai ta bakinsa ba, ko a kan yatsa. Da hanci yake auna ta, da kalar romon, da yadda cokali ke shiga naman. In ya zo kan gishiri sai ya kira Papa Kossi, wanda ke hidimar tebur a gidan kuma Kirista ne, ya ɗanɗana masa. Muciyar da yake juya ta da ita ya ɗaura mata jan zare don kada ta haɗu da sauran. Ba zan ce abin bai dame shi ba. Inna ta faɗa mini ya je wajen malamai fiye da sau ɗaya, ya nemi wani aikin bai samu ba, ga mu mu shida a gabansa. Duk Asabar in ya dawo ba ya zama sai ya yi wanka ya sake alwala, kuma nafilarsa ta ranar ta fi ta kullum tsawo.

Sau ɗaya a shekara yake karɓar girki daga hannun Inna, ranar babbar Sallah. Wallahi ban taɓa cin nama irin nasa ba. Shekarar da nake da sha huɗu, aka aike ni da kwano gidan wata maƙwabciyarmu. Ta buɗe, ta shaƙa, ta rufe, ta miƙo mini abina a gaban 'ya'yanta, waɗanda muke makarantar allo tare. Ta ce, "Ki ce mun gode. Mu ba ma cin girkin hannun da ke zuba giya." Na dawo gida kunnuwana na zafi. Baba na tsugune yana zuba wa kowa, ya miƙo mini nawa da murmushi, har ya zaɓo mini tsokar da nake so. Na ture kwanon, na maimaita masa maganar matar nan kalma bayan kalma, na ƙara da tawa: na ce ni ma daga yau na daina. Inna ta yunƙuro za ta mare ni, ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni ya ce, "To, Hadiza." Ya ɗauke kwanon ya rufe.

Tun daga ranar ban sake ganin ya ɗora tukunya a gidanmu ba. Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da na samu hanyar ba shi haƙuri. Ya ci gaba da biya mini makaranta, ya aurar da ni, ya yi wa 'ya'yana huɗuba. A bikina ma, da mutane suka ce ga kuku a gida, ya ce shi ya tsufa, a kira mata. Ni na san dalili, shi ya sani, Inna ta sani, ba wanda ya taɓa tayar da zancen. Ni da bakina ba ya mutuwa a kasuwa, mai iya yini ina ciniki da Hausa da yaren Mina da Faransanci, na kasa haɗa kalma uku in ce "Baba, yafe mini." Kullum sai in ce sai na samu lokacin da ya dace. Haka shekara ashirin da biyu ta wuce.

Bayan ya bar aiki ne Yaya Sani, babban wanmu da ke Turai, ya aiko wa Inna da wata tukunyar lantarki, irin wadda ake zuba komai a rufe a bar ta sa'a takwas tana dafawa a hankali. Inna ta ce ita ba ta yarda da tukunyar da ba a ganin wutarta ba, ta tura ta ƙarƙashin gado. Baba ya jawo ta, ya juya ta, ya raɗa mata suna Raguwa. Na taɓa zuwa na gan ta a kan benci kusa da tabarmarsa, na yi dariya na ce, "Baba, kai da Raguwa kuma?" Ya ce, "Ai mun dace, ni da ita ba mai sauri." Ban kawo komai a raina ba.

Makonni uku kafin rasuwarsa ya kira ni. Ya ce, "Hadiza, ranar Asabar ki zo, akwai abin da nake so ki gani." Na ce to. Asabar ta zo, kaya suka iso daga tashar jirgin ruwa, ban je ba. Ta biyu ƙaramar 'yata ta tashi da zazzaɓi, kuma gaskiya zazzaɓin ya sauka tun hantsi, na dai dubi nisan hanya daga gidana a Hanoukopé da ranar da ake kwaɗawa na ce sai wani satin. Duk sau biyun abin da ya ce ɗaya ne: "Ba komai, Allah ya kai mu." Ta ukun ce na rantse masa zan zo bayan la'asar.

Da na isa, layin ya cika da mutane. Maza na shimfiɗa tabarmi, ana shirin wanka. An ce ya yi alwalar azahar, ya zauna kan kujerarsa yana jiran kira, daga nan bai tashi ba. Na shiga tsakar gida ina kuka, sai wani ƙamshi ya tare ni, ƙamshin naman da ya nuna a hankali, da albasa, da wani ɗan tsami-tsami da ban sani ba. Na ɗauka maƙwabta ne suka fara kawo abinci kamar yadda ake yi wa gidan rasuwa. Sai na hango Raguwa a kan bencinta, ƙaramar fitilarta a kunne, murfin ya yi gumi. Cikin ruɗani ba wanda ya tuna da ita. Kuma a wannan unguwa tamu da ba a yini ba a ɗauke kuran ba, wato lantarki, ranar ko ƙiftawa wutar ba ta yi ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Papa Kossi ya kira ni gefe. Ya ce, "'Yata, kin san abin da ke cikin tukunyar can?" Na ce a'a. Ya ce wata biyar ke nan Baba na kiransa duk Asabar, yana neman yadda zai yi miyar nan ta gidan Bafaranshe ba tare da ɗigon giya ba. Ya fara da jiƙaƙƙen zoɓo mai kauri marar sukari, ta yi tsamin da Papa Kossi ya ce har haƙoransa suka mutu. Ya cika ruwa kamar yadda ya saba a tukunyar gawayi, ya manta wannan ba ta ƙone ruwa, nama ya fito yana iyo. Ya rage ruwan, ya koma soya naman a kasko har ya yi ja kafin ya zuba, ya kankare gindin kaskon da ruwan zoɓon, ya sa romon ƙashi, da karas, da tafarnuwa, da 'yar tsamiya, sannan dabino biyu don su kashe kaifin. Papa Kossi na ɗanɗanawa yana cewa saura kaɗan, har ranar da ya ajiye cokali ya ce masa, "Idi, ita ce." Washegari Baba ya kira ni.

Na ce, "Shi me ya ce da ya ci?" Papa Kossi ya girgiza kai. Ya ce, "Bai ci ba. Na yi na yi da shi, na ce wannan ai halal ce, ya ce Hadiza ce za ta fara. Asabar biyun da ba ki zo ba, rabar da ita ya yi. Na ce masa haba Idi, ko cokali ɗaya. Ya ce shekara ashirin da shida ya yi bai san ɗanɗanonta ba, sati ɗaya ba zai gagare shi ba."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Inna ce ta taso daga cikin mata da idanunta a kumbure, ta ɗauko kwano, ta buɗe murfin, ta zuba, ta zaɓo tsoka ta ɗora a sama. Ta ce, "Zauna ki ci. Tun asuba ya ɗora miki." Wasu mata suka fara kallon-kallo, wai ana makoki. Ban kula su ba. Na zauna ƙasa kusa da kujerarsa, na yi bisimilla, na sa hannu. Naman ya rabu tun kafin in matsa shi. Gishiri ya yi daidai, shi da ba wanda ya ɗanɗana masa ranar. Na ci ina kuka har na ga gindin kwanon, kuma ina so duk wanda ya karanta wannan ya zama shaida cewa na ci girkin hannun mahaifina.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Idrisu, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa makwanci. Abin da hannunsa ya taɓa don mu ci mu yi karatu, ka yafe masa, ka dubi bakin da ya kame da sujadar da ya tsawaita. Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ka ba Inna haƙurin zama a ɗakin da babu shi, ka haɗa kanmu mu shida, ka raya jikokinsa bisa tsabtarsa da sanyin halinsa. Ka saka wa Papa Kossi da alheri bisa amanar abota. Ni kuma, ya Ubangiji, kalma ukun da na riƙe shekara ashirin da biyu, ka isar masa da su. Amin.