Gonar Aro a McLeansville

Ƙungiyarmu da tukwane ta fara. Mu mata ne 'yan Najeriya da 'yan Nijar da muke haɗuwa a masallacin Juma'a a Greensboro ta Amurka, kuma duk wadda ta haihu ko ta kwanta ciwo, sai kowa ta dafa abinci ta kai mata. Matsalar ita ce duk rana ɗaya muke kaiwa. Firjin maijego ya ƙi rufuwa don shinkafa, bayan sati kuma ba mai leƙa ta. Shi ya sa muka zauna muka raba ranaku, muka sa wata Hajiya 'yar Maraɗi a gaba, don ta girme mu kuma ta riga mu zuwa ƙasar. Ita ba ta cewa ƙungiya, sai "asosiyasiyon".

Lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Cikin waɗanda nake zuwa wa akwai wata tsohuwar baturiya a McLeansville, mijinta ya rasu ya bar ta da fili makeke a bayan gida. Wata rana na yi mata ƙorafin cewa muna dafa wa masu jego miya ba yakuwa ba rama, don babu su a kantunan garin. Sai ta nuna filin ta taga ta ce mu zo mu shuka.

Da na kawo zancen a taro, Hajiya ta dube ni.

"Nawa ta ce?"

"Ba ko sisi, Hajiya."

"To me take so?"

Na ce ba ta faɗa ba. Shekarun nan ne da Musulmi a Amurka ba ya sakin jiki da baƙuwar fuska; ko a waya muna tauna magana kafin mu faɗa. Wata ta ce ƙila 'yar coci ce, da gona za a fara a ƙare da wa'azi. Wata ta ce a bari mu gyara mata fili ne ta kore mu. Kwaɗayin yakuwa ne kawai ya rinjaye mu.

Muka shuka yakuwa da rama da kuɓewa da irin da aka aiko wa Hajiya daga gida. Duk Asabar muna can. Tsohuwar takan fito da kujera da kyamara, tana tambayar sunayenmu tana ɗaukar mu hoto. Hajiya kuwa da ta ga kyamara sai ta juya baya ta ja mayafi. Kek ɗin da matar take kawo mana ma ba ta taɓa ɗanɗanawa ba.

"Ƙanwata," ta ce mini muna cire ciyawa, "hotunan nan ina suke zuwa? Kin ga an rataye ko ɗaya a ɗakinta?"

Ni da nake shiga ɗakin, ban taɓa gani ba. Daga ranar ni ma jikina ya yi sanyi. Idan ina yi mata shara sai in riƙa waige-waige ko zan hango su.

Sai kuma wata farar a-kori-kura ta fara tsayawa a bakin titi duk ranar da muke aiki. Namiji ne a ciki da baƙin gilashi, ba ya fitowa, ba ya ɗaga hannu. Mata biyu suka daina zuwa. Ɗaya ta ce mijinta ya hana ta, takardunsu na zama a ƙasar ba su gama fitowa ba.

Ran nan Hajiya ta ajiye fartanya ta ce in biyo ta in yi mata tafinta. Muka tsaya gaban tsohuwar.

"Tambaye ta wane ne wancan, kuma wa take kai wa hotunanmu."

Na tambaya. Fuskar matar ta yi ja. Ta ce ɗanta ne, a Summerfield yake zaune. Ya daɗe yana so ya kai ta gidan tsofaffi, don a ganinsa ba ta da kowa a nan, za ta iya faɗuwa ba wanda ya sani. Shi take aika wa hotunan, ya ga cewa gidanta cike yake da mutane. Shi kuma da ya ga mata masu lulluɓi a filin mahaifinsa, sai ya zo ya ga abin da muke ƙullawa.

Da na fassara, Hajiya ta gyaɗa kai.

"Ai na ce akwai abin da take so. Da ta faɗa tun farko."

Sannan ta ce in gaya wa tsohuwar: hoto dai a daina, amma za mu sa ta cikin rabon ranaku kamar maijego, wata ta riƙa leƙa ta kullum. Daga nan ta nufi motar ita kaɗai, tana tafe tana gyara zani. Kafin ta isa mutumin ya tayar ya tafi.

Mun yi damina uku muna noman filin, ɗan bai taɓa gaishe mu ba. Da tsohuwar ta rasu, mun je jana'izarta muka tsaya can baya. Bai daɗe ba ya sa aka zagaye filin da waya, kuɓewarmu tana ciki ba mu gama tsinka ba. Hajiya ta hana kowa zuwa roƙo. Ta ce tun bara take ɗibar iri tana ɓoyewa a kwalba, don ba ta taɓa yarda za a bar mu a wurin ba.