Murhun Saudatu Ya Sauko Daga Nakkasa

Saudatu 'yar Malam Hashimu maƙwabciyata ce a unguwar Nakkasa ta Makka, can saman dutse inda mota ba ta kaiwa. A Makka aka haife ta. Ubanta ya zo hajji daga ƙasar Zazzau bai koma ba, kuma abin da ya bar mata shi ne murhun itace na baƙin ƙarfen zubi, mai ƙafafu da ƙofa da bututun hayaƙi, wanda ya saya wajen wani mai gasa gurasa. A kansa take ɗora tanda ta soya masa kowace safiya. Da masar nan ta raini 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu.

Ban taɓa ganin ruwa ya taɓa murhun nan ba. Sai ya huce take kwashe toka, ta bar 'yar kaɗan a ƙasa don kada garwashi ya ci gindinsa. Ta kankare shi da burushin waya, ta goge da tsumma, sannan ta shafa masa kitsen rago tun yana da ɗan ɗumi, har ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Ran Alhamis ta cire bututun ta fito da shi ƙofar gida tana bubbugawa da sanda, baƙin hayaƙi yana zuba. Idan na wuce takan ce, "Malam, matsa da farar rigarka, ni ba mai wanki ba ce."

Da aka zo rushe unguwarmu, aka shafa wa bangonta jan fenti kamar na kowa. Babban ɗanta Sa'ud, direban tasi, ya kama musu gidan bene a unguwar Zahir. Ya ce akwai gas, murhu kuwa a bar wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Ta ce, "Ka fara sayar musu da ni tukuna."

"Ya Ummi, khalas, ya isa haka mana! Wa zai sauko da wannan jibgegen abu a matakalar nan?"

"Wanda ya ci masarsa har ya yi tumbi."

Ran tashi, duk da an ɗaure kaya, ta hura wuta ta yi wa maƙwabta masar ban kwana. Motar kaya tana jira a gindin dutse, direba yana ta kiran waya. Sa'ud ya gaji, ya yarda za a ɗauki murhun, amma ga shi da zafi. Shi kuwa da gas ya saba. Tana cikin ɗaki tana naɗe darduma, ya ɗauki bokitin ruwa ya sheƙa masa. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ƙara kamar an fasa faranti. Da tururi ya washe, saman murhun ya tsage tun daga bakin bututu har kusan gefe.

Ta fito ta duba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Sa'ud ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ban sani ba. To yanzu ai ya mutu, Ummi, mu bar shi."

Ta ce, "Tsagewa ya yi. Ku tafi da kayanku. Ni ina nan."

Ta zauna a kan tabarma a gidan da babu komai, sai da ƙarfen ya huce da kansa. Ta ɗauko sifana ta kwance shi, ƙusoshin suna juyawa ba gardama don ba ta taɓa barin su da tsatsa ba. Muka sauko da shi gunduwa-gunduwa, ni da ƙofar, Sa'ud da saman a kafaɗa, ita da bututunta.

Maƙerin farko da ta kai wa saman a unguwar Hindawiyya ya ce ƙarfen zubi ba ya son walda, ta jefar. Ta ce masa ba shawara ta zo saya ba. Wani tsohon maƙeri a bayan layin ya huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya ɗaure ta da faifan ƙarfe ta ƙasa. Mai gidan Zahir kuma ya ce ba za a hura itace a benensa ba. Ta je wajen ɗan ƙanena Nu'uman, mai fili da katanga inda yake ajiye motoci, ta nemi kusurwa guda. Ya ba ta.

Kwana da kwanaki ta yi tana cire tsatsar da ruwan ya jawo, tana shafa kitse tana gasawa da ƙaramar wuta. Masar farko ta ƙone ta gefen tsagar. Yanzu takan juya tanda a tsakiyar suya, kuma mutanen Nakkasa da suka warwatsu sun gano wurin.

Jiya ina zaune ina cin tawa, Sa'ud ya shigo ya buɗe bayan mota, cike da katakon da ya tsinto a wajen gini. Ta ɗaga guda ta shinshina.

Ta ce, "Wannan da fenti. Mayar. Itace nake so."

Ya rufe bayan motar, ya tambaye ni inda ake sayarwa.