Ƙasashen da Malam Isufu ya karanta cikin ƙota

Aikin farko yau: shafa wa takubba bakwai mai. Ina kan na uku tarho ya yi ƙara. Hajiya Rabi ce, matar Malam Isufu, daga unguwar Goutte d'Or: "Habu, Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Isufu ɗan maƙeran Damagaram ne. Dako ya kawo shi shagon kayan tarihi na wani Bafaranshe a Paris, inda na same shi shekara tara da suka wuce. Idan aka kawo tsohon takobin Japan, sai ya zare ɗan tsinken gora, ƙota ta fita, ƙarfen da ke ɓoye ya bayyana da rubutun maƙerin. Ya karkata shi wajen taga, ya lumshe ido ɗaya. "Bizen," in ji shi a hankali, kamar mai ambaton garin kakarsa. Mino, Yamato, Sagami, duk tsoffin ƙasashe ne a Japan. Bai taɓa zuwa ba, amma yakan ce Bizen akwai kogi, yana jin sanyinsa a yatsa.

Kowane harafi ya zana shi a littafinsa, da ajami a gefe. Yakan ce, "Mutanen nan sun san ladabi. Sai maƙeri ya faɗi ƙasarsu kafin ya faɗi sunansa."

Ran da na ɗauko yashi zan goge tsatsar rubutun, ya riƙe min hannu yana dariya. "Kai ɗan Maraɗi, tukunyar Hajiya ce? Furfurarsa ke nan, bar masa abinsa."

Wata tsohuwa a Lyon tana jiransa ran Alhamis, da takobin mijinta. Mai shago ya ce in ban iya karanta mata shi a madadin Malam ba, zai rufe sashen takubba. Ban taɓa karantawa ni kaɗai ba. Ko na gane, sai na dubi fuskar Malam tukuna. Bayan jana'iza Hajiya ta miƙo min littafin. Na ce ban kai ba. Ta ce, "Shi ma haka ya riƙa cewa har jiya."

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makoma. Allah ya ba Hajiya da yaransu huɗu haƙuri, ya raya su.

Gobe:
Kai wa Hajiya gero daga kasuwar Château Rouge.
Wasiƙa zuwa Damagaram.
Bitar shafin Bizen, sau biyu.
Tikitin jirgin ƙasa na Lyon, guda ɗaya.