Kawu Basuni, Mun Ƙarasa Zoben da Ka Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu Basuni, mai gyaran igiyar ƙarfe a sansaninmu na yankan katako da ke can saman kogin Barito. A bakin aiki ya cika, a zaune, ya jingina da katafilar da nake tuƙawa. Ni ne Jumberi, direban da ya fi kowa shan faɗansa, kuma ni na fara taɓa kafaɗarsa na ji babu motsi.

Kawu, ka yi mini haƙuri. An ce mai ta'aziyya ya rubuta cikin nutsuwa, ni kuwa har yanzu ban natsu ba, don akwai labarin da nake ɗokin ba ka, kuma kai kaɗai ne ba ka ji shi ba duk da cewa a tsakiyarsa kake.

Wanda bai san aikinmu ba ba zai gane abin da muka rasa ba. A bayan kowace katafila akwai gangar da ke naɗe igiyar ƙarfe, da ita muke janyo gungume daga cikin kwazazzabo. Bakin igiyar nan shi ke fara lalacewa, shi ke cin laka, shi ke gogar dutse, har silinsa su tsattsage su yi gashi. Sai an yanke wurin an saƙa sabon zobe inda ƙugiya za ta shiga. In zoben ya kwance ana cikin ja, igiya kan dawo da ƙarfin da zai raba mutum biyu. Rayukanmu a cikin saƙarka suke, kuma ba mu taɓa kwana da fargaba ba.

Wa zai manta da dokarka? Wanda ya saƙa zobe, shi ke hawa gungumen farko da za a ja da shi. Kana gama saƙa sai ka ɗare kan gungume kamar mai hawan babur, ka kunna tabarka mai kanumfari, ka ɗaga mini hannu. Nakan leƙo in ce, "Kawu, don Allah sauko, kai fa ba yaro ba ne!" Kai kuma ka ce, "Ja, ɗan nema! In ya kwance ni zan fara ji, ina ruwanka?" Haka za a janyo ka har tudu kana dariya, laka har gira.

Muna yi maka tsegumin rowa, ban ɓoye maka ba. Mu uku muke taya ka, amma kowa abu ɗaya ka koya masa. Ni ka ba ni raba silin nan shida gida biyu, in lanƙwaso su in mayar da su cikin juna har zobe ya fito. Dehen, mai saran itace, shi ke cusa basillar ƙarfe ya shigar da jelar sili ƙarƙashin 'yan'uwansu. Wagiman, direban a-kori-kura, nasa duka da guduma da ɗaure noti. In ya yi sanyin hannu ka ce, "Wagiman, guduma na ba ka ko ludayin miya?" Ran da na nemi ka nuna mini aikin basilla, cewa ka yi, "Je ka tambayi Dehen, ai yana da baki." Alhali ka san a lokacin ko gaisawa ba ma yi.

Alherinka kuwa ba ya lissafuwa. Busasshen kifin da Inna Norsehan, matarka, ke aiko maka daga gida bai taɓa kwana biyu a hannunka ba. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da Dehen, kai ka riƙa dafa masa kunun shinkafa kana ba shi a baki kana zaginsa. Abu ɗaya na san kana tsoro. A tsohon sansanin da muka tashi daga gare shi akwai kabarin wani abokin aikinka, daji ya rufe shi, ko kai ba ka iya nuna wurin daidai. Duk sanda muka bi ta nan sai ka sa na tsaya ka karanta Fatiha kana fuskantar kurmi. Rannan ka ce mini, "Jumberi, ko a buhu ne ku kai ni gida. Norsehan ba ta iya hawan tudu."

To, ga yadda aka yi. Da safen Talatar nan ka duba igiyata ka ce bakinta ya mutu. Ka yanke shi, ka ajiye kayan aiki, ka ce bari ka ɗan zauna ƙirjinka ya yi nauyi. Ba ka tashi ba. Ka bar mana igiya guntule, babu zobe. Ga shi ruwan da aka kwana biyu ana tafkawa ya zaftare hanyar mota, ba ta biyuwa. Sauran katafilolin suna can ƙetaren zaftarewar. Shugaban sansani ya tara mu, idonsa jawur, ya ce babu yadda za a yi, a haƙa maka kabari a bayan masallacin katako. Ba mugunta ba ce, gaskiyar abin da ke gabansa ya faɗa.

Na hau tudun da waya ke kamawa na kira Inna Norsehan. Ba ta yi kururuwa ba. Cewa ta yi, "Jumberi, na ɗora ruwan wankansa. Ku kawo mini mijina."

Hanya ɗaya ta rage, gangaren nan da muke kira Wuyan Biri, inda muke zuro gumagumai zuwa titin da ke can ƙasa. Mota ba ta sauka nan da ƙafarta, sai dai a ɗaure ta da igiya a zura ta a hankali. Muka tsaya mu uku a kan guntulen igiya muna kallon juna. Wagiman ya ce, "Ni fa duka kawai na iya." Dehen ya ce, "Ni kuma in ba a lanƙwaso mini ba, ina zan cusa basilla?" Sai kawai na ji hannuna ya kai ga silin ya fara raba su.

Wayyo Kawu, da ka gani! Na raba, na lanƙwaso, na mayar, zobe ya fito kamar kana tsaye a kaina. Ban gama ɗaga hannu ba Dehen ya durƙusa da basilla, yana cusawa yana ja da haƙora a cije. Ƙayoyin ƙarfe suna shiga tafinmu, jini na haɗuwa da giris. Wagiman ya ɗaga guduma ya sauke, Dehen ya daka masa tsawa, "Guduma aka ba ka ko ludayin miya?" Muka fashe da dariya, muna dariya muna kuka, gawarka na kwance a tabarma kusa da mu. A nan na gane rowarka. Ba ka hana mu komai ba, raba mana ka yi yadda dole sai mun nemi juna.

Shugaba ya ce a fara gwada zoben da gungume. Muka gwada, amma Dehen ne a kan gungumen, ya ce doka doka ce. Sa'annan muka shimfiɗa ka a bayan a-kori-kura. Wagiman ya kama sitiyari. Dehen, wanda ba addininku ɗaya ba, ya zauna ya rungume kanka don kada ya bugi ƙarfe. Na ce ni ma na saƙa, ni ma sai na hau. Ya ce, "To uban wa zai riƙe birki? Koma, sarkin son banza!"

Na saki ganga kaɗan-kaɗan. Igiya ta miƙe ta ɗauki kuka. Motar ta sulale, ta karkace, ƙafarta ɗaya ta tashi sama, mutanen sansani suka ɗora hannu a ka. Ni idona na kan zobe. Na ga ya matse, ya ƙara matsewa, ya zauna daram! Wallahi ban san sanda na yi ihu ba, "Ya riƙe! Kawu, ya riƙe!" Igiyar da ke kan ganga tana ƙarewa, har ina hango ƙarfen gindinta, sai na ji hon ɗin Wagiman daga ƙasa, yana dannawa kamar mai rakiyar biki. Na kashe inji na gangaro da gindi cikin laka. Kai ka yanke bakin igiyar nan, saboda haka da hannunka a aikin, kuma ka hau kamar yadda ka saba.

Mun isa ƙauyenku kafin la'asar. An yi maka wanka da ruwan da ta ɗora, an sallace ka, an kwantar da kai a maƙabartar da ke bayan gidanku, wurin da tsohuwa za ta iya zuwa da ƙafarta.

Da muka dawo yi mata gaisuwa, Inna Norsehan ba fuskokinmu ta duba ba, hannayenmu ta duba. Ta shiga ɗaki ta fito da allura. Ta ce tun tana amarya, duk ranar da ka dawo gida, kafin ka ci abinci sai ta zauna ta cire maka ƙayoyin ƙarfe daga tafin hannu. Ta ce, "Yau na duba nasa, babu ko ɗaya. Ashe a naku suke. Ku miƙo." Muka jeru a gabanta, ƙarti uku, tana cirewa muna kuka kamar yara.

Allah Ya jiƙanka, Kawu Basuni, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka tsare rayukanmu da saƙarka, Allah Ya tsare ka daga azaba, Ya ƙetarar da kai siraɗi cikin sauƙi, Ya sa Aljanna ce masaukinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Norsehan da 'ya'yanku da jikoki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan igiyar da ka gyara. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ka ce ko a buhu ne mu kai ka gida. Ba a buhu muka kai ka ba, Kawu. A kan zoben da ka koya mana ka sauka.