Uwar da Tac Ce Ɗiyanta Huɗu

Tun kafin ɗaliban su zo ina da abin da ke ci mini rai. Ɗiyata mai shekara huɗu, in na gaya mata abu, sai ta ce, "Bari Anti ta zo in tambaye ta." Antin nan ƙanwata ce, wadda na goya da bayana. Ni aji huɗu na firamare na tsaya, ita tana jami'a a Sakkwato. Tsorona yarinyar ta tashi tana ganin uwarta ba ta san komi ba sai tuƙin tuwo.

Sai ga ƙanwar tawa da abokan karatunta ukku, mata biyu da namiji guda. Malaminsu ya haɗa su su binciko abin da ke sa samari bin masu bindigar nan da ke wa'azi cikin daji. Gidanmu na Wurno sunka sauka, don bayan gidan akwai matan da sunka gudo daga ƙauyukan Rabah. Ni ce mai dafa musu. In na shigo da kwano sai hira ta koma Turanci. Na san ba da gangan ba ne, amma har yau abin na nan a raina.

Rana ta ukku sunka kira wata dattijuwa da muke ce ma Gwaggo. An gaya musu ɗanta ya bi mutanen. Ina bakin murhu ina jin komi.

"Gwaggo, ɗiyanki nawa?" in ji ƙanwata, idonta bisa takarda.

"Huɗu."

"Har da wanda yat tafi?"

"Wancan yaron? Ni mi na sani? Ku tambayi kakarshi."

"Ba ɗanki ba ne?"

Gwaggo ta dubi bango, tac ce bari ta je ta yi sallah.

Tana fita namijin ya buga cinya. "Kun gani? Ko lissafa shi ba ta yi. Wanga shi ne babban abin da munka gano: iyaye ke yar da ɗiyansu." Sunka rubuta, suna murna.

Ni kuwa Gwaggo na zuwa taya ni yankan albasa, kuma ta taɓa gaya mini goyo biyar ta yaye, ba wanda ya rasu. Ke nan wanda ba ta lissafa ba, ɗan fari ne. Matan zamaninsu ba su kiran sunan ɗan fari, ba su sa shi cikin lissafi, ba su zancenshi gaban baƙi, balle baƙo namiji. Kunya ce. Ni na fi kowa sani, don ni ce 'yar fari a ɗakinmu.

Na yi shiru kwana biyu. Gaskiya zan faɗi: so nake su kai kuskuren gaban malaminsu, su masu ilimi, a yi musu dariya.

Gwaggo ce ta karya ni. Muna yanka albasa, ba ta dube ni ba, tac ce, "Takardar yaran ga, in ta kai ga manya, ko za ta sa a sassauta ma mutum in ya dawo?" Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ita tana sa rai da takardar, takardar kuwa ta ce ta yar da ɗanta.

Na samu ƙanwata tana wanke ƙafa.

"Ke 'yar boko, kin taɓa jin Innarmu ta kira sunana?"

"Yaya, mi ya kawo wanga zance?"

"Amsa mini dai."

Ta ajiye buta. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. "Tun yaushe kinka gane?"

"Tun ranar."

"Kuma kinka ƙyale mu?"

"Wa ya tambaye ni? Gishiri kaɗai kunka tambaye ni."

Washegari sunka tura namijin kasuwa, anka ɓoye takarda, ni na zauna kusa da Gwaggo ina tsinke ganye. Ba wanda ya ce "ɗanki". A haka ta faɗi yadda ta bi shi har kasuwar Goronyo sau biyu, ta tsaya bayan masu buhun hatsi, ta aika ƙanenta ya roƙe shi ya koma gida, don ita ba ta iya tsayawa gabanshi cikin mutane. Sunka soke wancan rubutun.

Bayan wata biyu ƙanwata ta kira waya. Malaminsu ya yaba, musamman inda sunka rubuta abin da sunka koya, cewa tambayar takarda ba ta san kunya ba. Ta karanta mini shafin godiya. Ni ce "yayarmu da ta ciyar da mu". Nac ce madalla, na kashe wayar. Har gobe in anka yabe ta gabana sai na ji zafi, ba ni ɓoyewa.

Yaron bai dawo ba har yanzu. Gwaggo na nan bayan gidanmu.

Ku masu zuwa tambayar matanmu, in uwa ta ce ba ta san zancen ɗanta ba, don Allah kada ku rubuta komi tukuna. Ku fara bincikawa ko na fari ne.