Fankar da Malam Ari Bai Sata Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da hantsi, a ƙofar gidana a Gure, labarin rasuwar Malam Ari makanike ya same ni. An gama raɗa wa jikata ta fari suna ke nan, an yanka rago, ina tsaye da ƙwaryar goro ina rabawa, bakina ya ƙi rufuwa don murna. 'Yata Hadiza ta daɗe a ɗakin miji ba haihuwa, sai bana Allah ya dube mu. Ana cikin haka Isa mai faci ya iso a kan babur, ko sauka bai yi ba ya ce, "Baffa Bello, taubashinka ya cika bayan asuba." Na ajiye ƙwaryar a ƙasa. Allah ya yafe mini, ba addu'a ce ta fara zo mini a rai ba. Abin da ya fara zuwa shi ne, mutumin nan ya tafi da baƙin sunan da na shafa masa, ban wanke ba.

Shi Babarbare ne, ni Bafillace, kowa kuwa ya san wasan da ke tsakaninmu tun kakanni. Fiye da shekara ashirin ban taɓa shiga garejinsa ya gaishe ni da sunana ba. Sai dai ya ɗago kai daga cikin inji ya ce, "Ga bawana ya zo, ku ɓoye nono." Ni kuma in ce, "Ɓarawon ƙarfe, yau motar wa ka kashe?" A kan haka muka yi furfura.

Malam Ari mutum ne da bai yarda da ƙarfe ba sai ya gwada shi. Ka kawo masa kaya sabo a kwali, sai ya juya, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, sannan ya ce, "Kwali ba ya jan mota." Ko ya ɗaure noti da hannunsa, sai ya koma ya sake taɓawa kafin ya sallame ka. Ni kuma halina ya fi nasa muni, domin shi ƙarfe yake zargi, ni mutane. Ragowar shanuna na sayar na sayi tsohuwar katkat, motar shiga rairayi, wadda nake jigilar mutane da dabino da kanwa tsakanin Gure da Bune. Wanda ya sayar da garke ya sayi ƙarfe, gani yake kowa so yake ya cuce shi.

A bazarar bara motar ta fara zafi. Da na shiga rairayi sai allurar zafi ta haye. Malam Ari ya kashe inji, ya sa yatsa ɗaya ya tura fankar, ta yi ta juyawa kamar ba abin da ya riƙe ta. Ya ce kan da ke kama ta da inji ya mutu, juyi kawai take yi, ba ta jan iska. Sabo sai an aiko daga Damagaram, kuɗinsa kuma ya kai na maraƙi. Na ce ba ni da shi. Sai ya ce akwai hanya mai sauƙi: a cire ta gaba ɗaya, a sa fanka biyu masu aiki da lantarki, irin na ƙananan motoci, waɗanda ake samu da araha wurin masu tsofaffin kaya.

Kwana uku aikin ya ci, ina tsaye a kansa. Fanka bakwai ya ɗora a kan batir kafin ya zaɓi biyu. Ya yanko gefen tsohuwar ganga ya ƙera musu gida, ya rufe bayan radiyata, wato ma'ajiyar ruwan sanyaya inji, ruf, don kada iska ta sulale ta gefe. Ya yanka tiyon ruwa ya dasa wani ɗan ƙarfe mai jin zafi. Ya ja waya mai kauri daga batir, ya bi da ita ta fis mai hana waya ƙonewa da wani ɗan akwati baƙi da ya kira rele. Kusa da sitiyari ya sa mini maɓalli, ya ce in zan hau tudun rairayi in danna tun kafin zafi ya zo. Da ya gama ya yagi takarda, ya danna maɓallin, ya kai takardar gaban radiyata, ta manne. Ya ce, "Ka gani? Ja take yi. Fanka ba ƙara ake nema wurinta ba, ja ake nema."

Sai ya kashe maɓallin, ya ce in tayar da mota. Na tayar. Inji na ruri, fankoki biyu suna tsaye cik.

Na ce, "Babarbare, matattu ka sa mini?"

Ya ce, "Barci suke. In ruwa ya yi zafi ɗan ƙarfen nan zai tashe su. Kai in ba ka jin ƙishi, rijiya kake zuwa?"

Na ce, "To ina tsohuwar fankata?"

Ya yi dariya ya ce, "Ta tafi inda tsofaffi ke tafiya. Kai ma kana hanya."

Dariyar nan ce ta tsaya mini a rai. Duk direban da na sani, fankarsa na juyawa tun daga murɗa makulli. A hanya na riƙa tsayawa ina buɗe gaban mota, wani lokaci in tarar suna juyi, wani lokaci shiru. Allura ba ta hau ba, amma ban dubi wannan ba. Zuciyata ta riga ta yanke hukunci: ya ɗauke mini fanka ta asali ya sayar, ya liƙa mini tarkacen bola masu aiki in sun ga dama.

A rumfar shayi ta tasha, gaban direbobi, na faɗi haka. Na yi amfani da kalmar da na saba jifansa da ita, na ce ɓarawon ƙarfe, amma ba ya wurin, kuma ba dariya a fuskata. Sule Dogo, wanda ke bin hanyar Alakoss, ya ce, "Baffa, wasanku ne ko da gaske?" Na ce ya je ya tambaye shi inda fankata take. Direba uku da suka yi niyyar kai masa irin wannan aiki suka fasa. Magana ta zaga gari, garejin da ake layi ya koma sai ɗaiɗai.

Ranar wata kasuwa na samu wani baƙo mai akwatin wayoyi. Ya leƙa ya ce lallai an cuce ni. Ya cire fis da rele, ya haɗa fankokin kai tsaye da siririyar waya. Ina murɗa makulli suka ɗauki ƙara. Na ji daɗi ƙwarai.

Washegari da tsakar rana, cikin tuddan da ke kafin Bune, da mutum goma sha biyu a baya, na ji warin roba na ƙonewa. Kafin in tsaya ruwa ya tafasa, tururi ya rufe gilashi. Ba inuwa, ba rijiya kusa. Ruwan shan da muke da shi na juye wa radiyata rabi. Akwai wata tsohuwa cikin fasinja da ta fara lumshe ido, jikinta ya saki. Lambar waya ɗaya na sani wadda mai ita zai iya fito da mu. Na kira, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage.

Malam Ari ya zo a kan babur da jarka biyu. Bai gaishe ni ba, bai kuma kira ni bawansa ba. Ya fara ba tsohuwar ruwa. Sannan ya duba wayoyin da suka narke, ya haɗa fankokin da batir, ya kai takarda gaban radiyata. Gefe ɗaya ta manne, ɗaya gefen iska ta watso ta. Ashe baƙon nan ya juya wayar fanka guda, ɗaya na ja ɗaya na turawa. Malam Ari ya durƙusa cikin rairayi mai ƙuna ya mai da komai yadda yake, da fis da rele na garejinsa. Ya bi mu a baya har Bune.

Da na dawo ya kai ni bayan gareji ya ɗaga wani buhu. Ga tsohuwar fankata, an farfasa ta da guduma. Ya nuna mini tsohon tsagu a gindin fiffike biyu, ya yi baƙi da datti. Ya ce, "Wannan da ta ƙara wata guda, da ta tsinke ta huda maka radiyata. In na ba ka, sayar wa wani za ka yi, don Bafillace ba ya zubar da komai. Abin da na yanke wa hukunci ba ya sake shiga motar ɗan Musulmi."

Na ce, "Haba taubashi, ai wasa ne."

Ya dube ni ya ce, "Bello." Ranar ce farkon jin sunana a bakinsa. "Wasan taubashi a gaban ido ake yinsa. Wanda aka yi a bayan ido sunansa daban. Ni na yafe maka. Amma da sunan nan nake ciyar da gida. A tasha ka ɓata shi, a tasha za ka gyara."

Na ce zan yi. Damina ta wuce, sanyi ya wuce, ban yi ba. Kullum in isa rumfar shayi da maganar a bakina, sai in ga kamar Sule Dogo jira yake ya yi mini dariya, in haɗiye. Har raina ya fara raya mini cewa wataƙila wata fankar ce ya fasa ya nuna mini. Haka zargi yake, ko an kore shi sai ya zagayo ta bayan gida.

Ranar da naƙuda ta kama Hadiza a ƙauyen mijinta, unguwarzoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a yi Gure da ita. Ni na ɗauko ta a motata. Rana ta take, hanya rairayi zalla, mota na tafiya a giya ta ɗaya. Na danna maɓallin nan, ina jin fankokin suna ja, idona ɗaya a hanya ɗaya a kan allura. Ba ta motsa ba har ƙofar asibiti. Kafin la'asar na ji kukan jikata.

Na kai wa Malam Ari goron suna da kaina, na tarar yana kwance, zazzaɓi ya kayar da shi. Na ba shi labari, ya yi murmushi ya ce, "Barka, bawana ya zama kaka. Allah ya raya, ya sa kada ta gado halinka." Da zan fita ya ce, "Tasha fa?" Na ce bayan suna, in sha Allahu. Ya ce, "To." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar uku, daga gidan makoki na wuce tasha. Na tsaya a rumfar shayi na ce Malam Ari bai saci fankata ba, ƙarya na yi masa, kuma na san gaskiya tun bara na yi shiru. Ba wanda ya yi dariya. Sule Dogo ya ce, "Baffa, kowa ya mutu ai mutumin kirki ne. Me ya hana ka faɗa yana da rai?"

Na ce, "Girman kai."

Ya ce, "To aikin fa? Kai ka ce matattu ne."

Na buɗe gaban mota na tayar da inji, na ce su tsaya su gani. Muka tsaya cikin rana mun kewaye ta, fankoki shiru. Wani ya ce ɓata mai kawai nake yi, wani ya koma wurin shayinsa. Can sai muka ji ƙas, suka tashi da kansu. Sule ya ciro takarda daga aljihu ya kai gaban radiyata, gefe da gefe, ta manne. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam." Bai ce ya yarda da ni ba, ban kuma cancanci ya ce ba.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da rubutun da na koya da furfura a ajin manya na yamma, don ya kai inda muryata ba ta kai ba. Duk wanda ya ji maganata ta farko, a Gure ko Bune ko Alakoss, ga ta biyu, ita ce gaskiya. Garejin yana buɗe. Babban ɗansa Mustafa, magidanci ne da ya yi shekaru a gefen ubansa, shi ke riƙe da shi, shi ke ciyar da gidan yanzu. Kada ƙaryata ta bi shi.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Ari, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya kai wa masu ƙishi ruwa cikin rairayi. Ka ba matarsa Ya Falmata da 'ya'yanta haƙuri, ka tsare musu sunan ubansu, ka buɗa wa Mustafa. Ni kuma ka yafe mini jinkirina, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.